Ni da Masu Barcin Ofishin Madam Liu

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ta tsakiyar hunturu a New York ba, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta da ita. Har yau in ta faɗo min a rai ina cikin jirgin ƙasa, sai in ji na runtse ido na ja tsaki ni kaɗai, wanda ke kusa da ni ya ɗan matsa gefe yana zaton ko notin kaina ne ya kwance.

A lokacin ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a fannin aikin jin daɗin jama'a. Ina zaune a Morris Heights, a gidan Alhaji Fuseini, mutumin Kumasi, direban tasi, aminin kawuna tun zamanin da suke fataucin goro tare. Shi ya laƙaba min suna Farfesa. Maimakon in gane tsokana ce, sai na riƙa amsawa da "na'am" har da gyara zaman tabarau. (Tabaran ma ba na likita ba ne, a bakin titi na saya a Harlem wurin wani ɗan Nijar, don na ga yana ƙara min kwarjini.)

Makaranta ta tura ni sanin makamar aiki a wata ƙungiya mai kula da tsofaffi, wadda ke da rassa a unguwanni daban-daban. Wadda aka haɗa ni da ita a hedikwata, Misis Gordon, ta ba ni aiki na musamman: in je reshensu na unguwar 'yan China da ke ƙasan Manhattan, in auna yadda ma'aikatan wurin suka ba da ransu ga aiki. Wato in gano ko suna da kuzari, ko aikin ya shiga zuciyarsu, ko kuwa jiran tashi kawai suke yi. Ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce ana shirin haɗe wasu rassa, kuma reshen da aka ga ya yi sanyi za a ɗauke shugabarsa a miƙa shi ƙarƙashin wani. Shugabar wannan reshe kuwa sunanta Madam Liu.

"Ba rahotonka kaɗai za a duba ba," in ji Misis Gordon, "amma za a duba shi."

Ni dai "za a duba shi" ɗin nan kawai kunnena ya ɗauka. Na fito daga ofishinta ina jin kaina kamar alƙalin alƙalai, har kafaɗata ta ƙara faɗi.

Madam Liu 'yar gajeriyar mace ce da furfura ta fara ci mata kai, kullum cikin takalmin kambas, kullum da filas ɗin ruwan zafi a hannu. Ranar da na fara zuwa, kafin ma ta tambayi sunana sai da ta tambaye ni ko na ci abinci. Daga baya na gane gaisuwarsu ke nan, kamar yadda mu muke tambayar gajiya. Ma'aikatanta 'yan kaɗan ne, duka mata 'yan China, a wani ɗan ofis mai ɗumi a saman shagon sayar da kifi.

Na raba musu takardar tambayoyin da aka koya mana a aji. Kowace tambaya mutum zai zaɓi amsa tun daga "sam-sam" har zuwa "kullum". Kina zumuɗin fitowa aiki da safe? Aikin kan ɗauke miki hankali har ki manta da lokaci? Irin waɗannan dai. Da takardun suka dawo hannuna sai na ga abin mamaki, kusan kowacce ta tsaya a tsakiya, "wani lokaci", "wani lokaci", kamar sun haɗa baki. Ita kanta Madam Liu ko sau ɗaya ba ta zaɓi "kullum" ba. Na gyara tabarau na ce a raina, to, ga alama ta farko.

A kwanakin farko da safe nake zuwa in tafi kafin azahar saboda lacca. Sai wata Talata aka soke laccar, na zauna har tsakar rana. Ina kallo suka ci abinci cikin sauri, kowacce ta wanke kwanonta. Daga nan Madam Liu ta tashi ta saki labule, ta kashe fitila. Sai na ga kowacce ta buɗe durowa ta fito da ɗan matashi. Wata ma nata mai rami ne a tsakiya, wurin da ake cusa fuska. Wata ta jawo gadon naɗi daga ƙarƙashin tebur ta miƙe abinta. Kafin in gama buɗe baki ofis ya yi tsit, ba ka jin komai sai hucin hita mai ɗumama ɗaki.

Ku gafarce ni, amma daɗi na ji. Daɗin mai bincike da ya kama abu da hannunsa. Na lallaɓa na fita matattakala na kira Misis Gordon, ina magana ƙasa-ƙasa.

"Madam, barci suke yi."

"Su wa?"

"Dukansu. Shugabar ce ma ta kashe fitila da hannunta."

Ta ce za ta zo ranar Alhamis da tsakar rana ta gani da idonta, kada in faɗa wa kowa. Na ce an gama. Ko komawa ciki ban yi ba balle in ga yaushe za su tashi, na ɗauki hanyar Bronx ina tsara yadda zan buɗe rahotona.

Da yamma na ba Alhaji Fuseini labari ina ta hura hanci. Yana cin tuwo yana saurarona, bai ɗago ba sai da na kai aya.

"Farfesa," ya ce da Hausarsa ta zangon Kumasi, "wannan mata ɗin, ya yi maka wani laifi ne?"

Na ce ba maganar laifi ba ce, maganar ilimi ce.

"To madalla. Ni ma bayan azahar ina fakin in kwanta cikin mota. Ka sa ni cikin takarda, ka kai wa gwamnati."

Na yi dariyar yaƙe na shige ɗaki, ina cewa a raina ai direba daban, ma'aikacin ofis daban.

Washegari Laraba na sake zama har rana, don in ƙara tara hujja. Aka ci abinci, aka kashe fitila, aka kwanta. Amma wannan karon na ga ƙarshen abin. Ba a jima ba wayar Madam Liu ta yi ɗan ƙara, duka suka miƙe kamar sojoji, aka wanke fuska, aka kunna fitila, matasai suka koma durowa. Sai ta ɗauki jakarta ta dube ni.

"Yau za ka raka ni zagayen gidaje. Ka ɗaure takalminka."

Jama'a, na ga aiki. Gidajen unguwar nan tsofaffi ne, babu lif, matattakala ce siririya mai tsayi, kuma kamar da gangan duk tsofaffin a can ƙoli suke zaune. Gidan farko mun tarar da wani dattijo sanye da riguna a kan riguna saboda hitarsa ta mutu. Madam Liu ta kama waya ta dinga faɗa da mai gidan da Turanci, ta juyo ta lallashi dattijon da yarensu, ba ta bar wurin ba sai da mai gyara ya iso. Gida na biyu wata tsohuwa ce ta ƙi shan magani saboda ɗanta ya daina kiranta. Ta zauna a bakin gadonta tana tausa mata ƙafa, tana ba ta labari, har maganin ya shige ba tare da tsohuwar ta lura ba. Daga gida na uku na daina ganewa, domin numfashina sama-sama yake fita. Ita kuwa tana gaba tana hawa tana waiwayena, tana tambaya ko in ba ta jakata ta riƙe min. (Na ba ta. Allah ya gani, na ba ta.)

Sai bayan magariba muka kamo hanyar tasha. Cikin shessheƙa na tambaye ta dalilin da ya sa duk suka zaɓi amsar tsakiya a takardata. Ta yi dariya ta ce, wa zai ɗauki biro ya rubuta da hannunsa cewa shi gwani ne kullum? Wannan ai sai dai wasu su faɗa. Nan take na tuna yadda muke zuwa duba marar lafiya yana nishi da ƙyar, a ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi. Da wani baƙo zai zo da takarda ya auna mu da wannan amsa, da ya rubuta cewa babu mai ciwo a ƙasar Hausa.

Na daure na tambayi zancen barcin. Ta ce ai lokacin hutun cin abincinsu ne, suna gaggauta ci don su kwanta a sauran, haka suka taso tun suna 'yan makaranta a China. In ba ta ɗan runtsa ba, in ji ta, ba za ta iya matattakalar nan ba.

"A wurinku ba a yi?" ta tambaye ni.

Sai ga hoton Baba a idona, a shagonsa na Kantin Kwari, ya idar da azahar ya miƙe a kan dilar atamfa yana ƙailula, yara sun san ko wane ne ya zo sai dai ya jira. Mutumin da ban taɓa ganin wanda ya kai shi neman na kansa ba. Na ce mata ana yi, da wata 'yar siririyar murya. Nan na tabbata na ɗauko wa baiwar Allah nan abin da zai iya raba ta da kujerarta, ga shi gobe Alhamis.

Abin da ya kamata in yi a fili yake, in kira Misis Gordon in ce na yi gaggawa. Na fito da waya a cikin jirgi na mayar, na sake fitowa da ita na mayar. Girman kai ya hana ni. Yaya Farfesa guda zai ce ya yi kuskure tun bincike bai yi nisa ba? Sai na tsara dabarar da a lokacin na ga ta fi kowace kyau: gobe zan hana su barci, in kuma hakan ya gagara, zan zauna a bakin ƙofa in tare Misis Gordon tun a matattakala in yi mata bayani kafin ta shiga.

Ranar Alhamis na tashi ƙafafuna kamar ba nawa ba. Alhaji ya dama koko mai kauri irin nasu na Ghana, mai yaji da citta, ya ce in sha saboda sanyi, na shanye kofi babba har da ƙari. Na isa ofis ina ta zarya, hankalina a tashe. Da rana ta take na matsa kusa da Madam Liu.

"Madam, yau da za a bar fitilar a kunne."

"Saboda me?"

Na ce ai hasken yana da kyau ga ido. Ta ƙare min kallo, ta ce fuskata ta nuna gajiya, kuma maganin gajiya abinci. Sai ta jawo wata ƙatuwar roba ta ajiye a gabana. Taliya ce ta hannu, irin 'yar murjinmu amma ta fi kauri, cikin romon naman sa mai zafi. Ta ce a wurin Musulmin China ta sayo takanas saboda ni, in ci ba fargaba. To wa zai mayar da irin wannan karamci? Na ci, ta ƙara min daga nata, na ce na ƙoshi, ta ce ban ƙoshi ba, na cinye. Ta tsiyaya min ruwan zafi daga filas na kora.

Na yi alwala na yi sallar azahar a ɗakin ajiya. Ina fitowa na tarar har an saki labule, an kashe fitila, kowacce ta kifa kai. Dabara ta farko ta rushe ke nan, saura ta biyu. Na jawo kujera na dasa a bakin ƙofa. Ban lura ba ashe a jikin hita na dasa ta. Na zauna na harɗe hannu, na kasa kunne ina jiran takun Misis Gordon. Ɗumi yana ratsa bayana, taliya ta zauna daram a kan koko, ga duhu, ga shiru. Na ce bari in ɗan lumshe ido, ai an fi jin taku in ido yana rufe.

Wannan shi ne tunani na ƙarshe da na sani.

Abin da ya fara dawo min shi ne ƙarar waya da ƙwas-ƙwas ɗin kwamfuta. Na buɗe ido, haske ya dalle ni. Ofis ya cika da mutane, ma'aikata kowacce tana kan aikinta, ɗaya tana waya, ɗaya tana cike wa wani tsoho takarda, tsofaffi sun yi layi a kan benci, kuma duk benci ɗin ni yake kallo. Na duba jikina. An lulluɓe ni da bargo ruwan hoda mai furanni har wuya. An cusa min ɗan matashi mai fuskar mage a ƙeya. An zare min tabarau an ajiye a kan tebur. Yawu ya zubo ta gefen bakina ya jiƙa kwalar rigata. Wani dattijo a kan benci, da ya ga na farka, sai ya karkatar da kai ya buɗe baki ya ja wani dogon minshari, na kusa da shi suka ƙyalƙyale da dariya. Ba na jin yarensu, amma wannan fassarar ba ta buƙatar tafinta.

A tsaye a kaina kuwa, da kofin shayi a hannu, Misis Gordon ce.

"Barka da tashi," ta ce. "An ce min in zo in ga masu barci. Na zo, na samu guda ɗaya."

Na yunƙura zan miƙe, bargon ya harɗe min ƙafa, na koma na zauna. Na ce, "Madam, tun yaushe kika zo?" Ta ce jirgin ƙasan da ta hau ne ya lalace ya tsaya a cikin rami ya ɓata mata lokaci, ta iso ta tarar kowa na aiki, amma duk da haka har ta sha shayi ta ƙara ina nan ina abu ɗaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da a ce ana mutuwa don kunya, da a kan kujerar nan za a yi min wanka.

Sai Madam Liu ta ajiye wayar da take yi ta matso.

"Ki ƙyale shi," ta ce wa Misis Gordon. "Jiya har dare yana bina muna hawa gidaje, bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Ɗalibai da yawa sun zo nan, babu wanda ya raka ni har ƙarshe sai shi. Ni na hana a tashe shi."

Wannan maganar ta fi minsharin dattijon yi min ciwo. Matar da na kai ƙara ita ce take kare ni a gaban wadda na kai ƙarar wurinta. Ashe ina can ina sharar barci ta buɗe durowa ta nuna wa Misis Gordon matasansu, ta gaya mata lokacin da suke kwanciya da lokacin da suke tashi, ba ta ɓoye komai ba. Misis Gordon kuma ta zauna ta ga yadda ake aiki da idonta.

Na raka Misis Gordon ƙasa ina sunkuyar da kai. A bakin shagon kifi na faɗa mata gaskiya, cewa rabin yini na gani na yanke hukunci, kuma tun jiya na san na yi kuskure na kasa kiranta. Ta ce da ta iso a kan lokaci ta tarar da ofis cikin duhu kowa a kife, ba ta san abin da za ta ɗauka a ranta ba, kuma abin da ido ya fara gani yana da wuyar gogewa. Ta ce in koma in sake aikin daga farko, in bi ma'aikatan yini cur, in zauna in yi hira da su, in daina dogara da takarda kaɗai. Da ta juya ta tafi na jingina da bango na sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ban taɓa gode wa Allah a kan lalacewar jirgin ƙasa ba sai ranar.

Na sake rahoton kamar yadda ta ce. Da aka zo haɗe rassa ba a taɓa Madam Liu ba, tana nan a kujerarta. Ba zan ce rahotona ne ya yi ba, aikinta ne ya tsaya mata, amma wallahi ranar da na ji labarin sai da na ji kamar an sauke min buhu daga ka.

Kafin in gama zamana a wurin na samu Madam Liu ita kaɗai na ce ina da abin da zan faɗa mata. Na fara kame-kame, ta katse ni.

"Wayar da ka yi a matattakala? Ai na ji. Bangon nan katako ne, kai kuma ko raɗa kake yi ana jinka a shagon kifi."

Wato tana sane ta ɗauke ni zagayen gidaje, tana sane ta sayo min taliya. Na ce to me ya sa duk da haka ta lulluɓe ni da bargo?

"Sanyi ake yi," ta ce, ta ci gaba da aikinta.

Har yau ban sani ba ko da gangan ta cika min robar nan, kuma ba ni da ƙarfin halin tambaya. Abin da dai na koya shi ne, ba a auna mutum da rabin yininsa, sai ka bi shi ka ga inda ƙafarsa take kaiwa. In kuma har ka kasa haƙuri ka gayyato shugaba ta zo ta kama masu barci, to don Allah ka yi jiranta a tsaye.